Gidan Magajiya a Garin Dodanni: Gardamar Karuwanci a Wasannin Almara

A watan Yulin 2025 kamfanin Valve, mai kasuwar intanet ɗin nan da ake kira Steam, wadda ta fi kowace girma wajen sayar da wasannin kwamfuta, ya gindaya wa masu kawo masa haja sabon sharaɗi. Ya ce bai yarda a ɗora wasan da ka iya saɓa wa ƙa'idojin bankuna da kamfanonin katin biyan kuɗi ba, musamman wasu nau'o'in wasannin da aka keɓe wa manya. Nan take aka fara sauke wasanni. Ba a rufa mako biyu ba kasuwar itch.io, inda ƙananan masu ƙirƙira ke kasa kayansu, ta ɓoye duk wasan da ke ɗauke da alamar "na manya" daga wurin bincike. Kafin haka wata ƙungiya ta ƙasar Ostireliya mai suna Collective Shout ta rubuta wa Visa da Mastercard da PayPal buɗaɗɗiyar wasiƙa, tana neman su daina karɓar kuɗin cinikin irin waɗannan wasanni.

Waɗanda aka fara saukewa wasannin batsa ne tsagwaronta, masu nuna fyaɗe da lalata tsakanin 'yan gida ɗaya. Manyan wasannin almara irin su The Witcher 3 da Baldur's Gate 3, waɗanda kowannensu akwai gidan karuwai a cikinsa, ko ƙwarzane ba su samu ba. Sai mutane suka shiga tambayar ina iyakar take. Wannan ya tono wata gardama da ta girmi yawancin masu buga wasannin: ya dace mai ƙaga duniyar almara ya sa karuwanci a cikinta? Idan kuma ya sa, dole ne ya haɗa da abin da ke biyo baya, wato cuta da ciki da bashi da tsangwama?

## Wane irin wasa ake nufi

Iri biyu ne. Na farko a kan teburi ake yinsa, babu na'ura. Abokai huɗu ko biyar su zauna, ɗaya ya zama jagora yana ba da labari kamar mai "ga ta nan ga ta nanku", sai dai a nan masu sauraro su ne mutanen cikin tatsuniyar. Wannan jarumi ne mai takobi, waccan matsafiya ce, wancan ɓarawo. Jagora ya ce kun iso ƙofar gari da magariba, masu gadi sun tare ku, me za ku yi? Duk abin da mutum ya ce zai yi, a jefa ɗan lido a ga ko ya dace. Kakan wannan iri shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Iri na biyu shi ne wanda aka fi sani a wajenmu, gem na kwamfuta ko na PlayStation, inda na'ura ta karɓe aikin jagora.

Abin da ya raba wasa da fim shi ne zaɓi. Mai kallon fim ɗan kallo ne. Mai wasa shi ke tura ƙofar, shi ke zaro kuɗin daga jaka. Kuma kowane abu a wasa yana da farashi da riba a rubuce: sara kaza yana rage jini kaza, takobi kaza zinariya kaza ne. Saboda haka idan mai tsara wasa ya bar wani aiki babu sakamako, bai yi shiru ba ne, ya faɗa wa mai wasa cewa aikin kyauta ne.

Sunan da za a kira sana'ar ma abin ja-in-ja ne. A ƙarshen shekarun 1970 wata 'yar fafutuka a San Francisco, Carol Leigh, ta ƙago kalmar Turancin nan "sex work", wadda ke kiran abin aiki kamar kowane aiki. Masu neman a kawar da sana'ar har yau ba su yarda da kalmar ba, suna cewa hoda ce aka shafa wa cin zali. Hausa ta san wannan tun tuni. Wanda ya ce "karuwa" da wanda ya ce "mace mai zaman kanta" mutum ɗaya suke nufi, amma ba da ido ɗaya suke kallonta ba.

## Jadawalin 1979

A 1979 Gygax ya fitar da littafin jagoran wasa, Dungeon Masters Guide. A ɓangaren mutanen da ake iya cin karo da su a titin birni akwai jadawali na musamman na karuwai da masu cin abinci a jikinsu, iri goma sha biyu. Jagora zai jefa ɗan lido ya sami lamba daga 1 zuwa 100, lambar ce za ta nuna masa ko ƙazamar bakin lungu ce, ko mai ji da kai da ke hulɗa da manya, ko tsohuwar magajiya, ko kawali. Littafin ya ƙara da cewa kashi 30 cikin ɗari tana iya sanin labari mai amfani, kashi 20 kuma ɓarauniya ce ko tana aiki da ɓarayi. Ba ta da suna, ba ta da gari, ba a faɗi abin da ya kawo ta titi ba. Tamkar rijiya ce ko kantin maƙeri, wuri ne da jarumi zai tsaya ya ɗauki abin da yake buƙata ya wuce.

Jadawalin bai yi tsawon rai ba. A shekarun 1980 iyaye da limaman coci a Amurka suka taso wa wasan da zargin koyar da tsafi da bautar Shaiɗan. Patricia Pulling, wadda ɗanta ya kashe kansa a 1982, ta kafa ƙungiyar yaƙi da wasan a shekarar da ta biyo. Da kamfanin TSR, mai buga littattafan wasan, ya fitar da bugu na biyu a 1989, sai ya share jadawalin tare da sunayen shaiɗanu. Gidajen karuwan da ke cikin Forgotten Realms, ɗaya daga ƙagaggun duniyoyin wasan, kuma aka koma kiransu da wani suna mai ma'anar zauren shagali. Gida na nan, allon ƙofa aka canza.

A 2003 wani ƙaramin kamfani ya juya akalar zuwa ɗaya gefen, ya shirya littafi mai suna Book of Erotic Fantasy, wanda ya sa wa ɗaukar ciki da cututtukan saduwa ƙa'idoji da lambobi. Kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi TSR a 1997, ya yi maza ya gyara sharuɗɗan lasisinsa don kada tambarinsa ya hau littafin. A duka lokutan biyun tsoron kasuwa ne ya yanke hukunci, kamar dai yadda aka gani a 2025.

## "Ai haka tarihi yake"

Hujjar da masu goyon baya suka fi riƙewa ita ce tarihi. Yawancin duniyoyin almara kwaikwayon Turai ce ta shekaru 500 zuwa 700 da suka wuce, mai ganuwa da barade da mashaya, kuma biranen wancan zamani suna da gidajen karuwai. Wannan gaskiya ne, har ma ta wuce inda masu faɗinta ke tsayawa. A unguwar Southwark, hayin kogi daga Landan, gidajen suna kan ƙasar da ke ƙarƙashin ikon Bishop na Winchester, jami'ansa ke sa musu doka suna cin tara, har aka yi wa matan laƙabi da dinyoyin Winchester. Birnin Florence ya kafa ofishi sukutum a 1403 don kula da harkar. A garuruwan Jamus da dama majalisar gari ce ta mallaki gidan, ta ba wani haya. Malaman coci sun riƙa kafa hujja da maganar Augustine, babban malamin Kirista na zamanin da, cewa idan aka kawar da karuwai sha'awa za ta hargitsa komai. A ganinsu ɓarna ce da ake haƙuri da ita don gudun wadda ta fi ta.

To amma tarihin bai tsaya a bakin ƙofa ba. A Landan an wajabta wa matan sa hula mai ratsi-ratsi don kada a ɗauke su matan aure. A 1471 majalisar garin Nördlingen da ke kudancin Jamus ta binciki gidan karuwan garin, bayan magana ta bazu cewa an zubar wa wata ciki. Matar, Els von Eystett, ta shaida cewa magajiyar gidan ce ta ɗura mata magani. Da aka tambayi sauran matan sai suka fasa ƙwai: bashi ne ya ɗaure su, masu gidan ke sayar musu da ci da sha a farashin da suka ga dama, ana ƙwace musu kaya da ɗan abin da baƙi suka ba su, ana kuma dukansu. An kori maigidan da magajiyar daga garin. Daga 1495 cutar tunjere, wadda ta fara ɓulla a rundunar Faransa da ta je Naples, ta mamaye Turai. Da ita da wa'azin masu gyaran addini suka haɗu, aka shiga rufe gidajen: Augsburg a 1532, Southwark a 1546 bisa umarnin Sarki Henry na Takwas.

Wanda ya aro gidan daga tarihi ya bar bashin da hular da tunjeren, rabin tarihi ya ɗauko, rabin da ya fi daɗin kallo. A nan ne hujjar ke ɗingishi. Waɗannan wasanni ba sa damuwa da tarihi wajen haƙoran jarumi ko ƙwarƙwatar kansa, kuma wanda ya yarda da dodo mai aman wuta ya riga ya yarda cewa marubuci ke zaɓar abin da zai shiga duniyarsa.

## Idan tsafi na warkar da cuta fa?

Akwai masu cewa batun sakamako ma bai taso ba, domin duniyar ba tamu ba ce. A Dungeons & Dragons malamin ɗakin bauta na iya cire cuta da taɓawa ɗaya. Littafin Forgotten Realms na 2001 ya lissafa tsirrai biyu na hana haihuwa, ɗaya na maza ɗaya na mata, a jerin kayan da ake saya. Akwai kuma ƙagaggun alloli da ba su haramta abin ba, irin su Sharess, wadda aka sa wa gidan da ke Baldur's Gate 3 sunanta, da Calistria ta wasan Pathfinder. Idan babu cuta, babu cikin da ba a shirya masa ba, addinin garin kuma bai hana ba, daga ina tsangwamar za ta fito? Wannan tambaya ce mai ƙarfi, domin tana nuna cewa kwaso kunyar Turai ta da a zuba a garin aljanu shi ma lalaci ne na marubuci.

Sai dai littafin ƙa'idojin da kansa ya ba da amsa a shafin farashi. A bugun 2014, lebura mara sana'a azurfa 2 yake samu a rana, azurfa 10 kuma ita ce zinariya 1. Ɗaukar matsafi ya yi maka ƙaramin aiki na mataki na ɗaya ko na biyu, matakin da cire cuta ya faɗo ciki, yana cin zinariya 10 zuwa 50. A lissafa: aikin kwana 50 zuwa 250 ke nan, ba ci ba sha. Jarumin da ya fito daga kogon dodo da buhun zinariya ba zai ji a jikinsa ba. Matar da ke tsaye a lungun bakin jirgi kuwa maganin na nan, amma ba nata ba ne, abin da duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kantin magani da takardar likita a hannu ya sani. Tsafi ya kawar da cuta ga mai kuɗi, bai taɓa talaucin da ke kai mutum gidan ba.

The Witcher ya bi wata hanya mai sauƙi. Jaruminsa, Geralt, an sauya masa jiki tun yana yaro, ba ya haihuwa, cuta kuma ba ta kama shi. A wasan farko na 2007 duk matar da ya kwana da ita sai a ba mai wasa kati mai hotonta, ana tarawa kamar kofunan gasa, abin da ya jawo wa kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan suka har ya daina a wasannin da suka biyo. A na uku, na 2015, birnin Novigrad na da gida na masu hali a unguwar manya da na talakawa a bakin ruwa, wato an nuna bambancin aji. Amma Geralt ya shiga ya fita, ba abin da ke bin sa gida.

## Waɗanda suka gwada sa sakamako

Fable II na 2008 ya sa kororon roba a kasuwa. Wanda bai yi amfani da shi ba yana iya samun haihuwa ko ya kwaso cuta, sai dai cutar lamba ce kawai a shafin lissafi, ba ta rage masa ƙarfi. Darkest Dungeon na 2016 ya fi tsanani. Mayaƙa na dawowa daga yaƙi hankalinsu a tashe, sai a biya musu kuɗi su huce a coci ko a mashaya, inda akwai giya da caca da ɗakunan mata. Wanda aka tura ɗakunan yana iya dawowa da tunjere, wadda ke raunana shi a fagen fama har sai an biya kuɗin magani, ko ya kamu da son wurin ya ƙi hucewa ko'ina sai can.

Fable III na 2010 ya ɗaga maganar zuwa fada. Mai wasa ya zama sarki, annoba na tafe, yana buƙatar zinariya miliyan 6.5 don ya ceci talakawansa. Sai aka kawo masa shawara: ko ya kashe kuɗi ya gyara gidan marayu, ko ya mayar da shi gidan karuwai baitulmali ya samu fiye da miliyan ɗaya. A nan sana'ar ta zama batun haraji da mulki, kusan yadda majalisun Jamus suka kalle ta. Crusader Kings III na 2020, wanda na tarihi ne ba na almara ba, ya sa cuta da 'ya'yan da aka haifa ba aure da rikicin gado, kuma a addinai da dama na cikinsa hukuncin matar da ta ci amanar aure ya fi na namiji tsanani.

Abin lura a yawancinsu shi ne littafin wa ake rubuta sakamakon. Na mai zuwa ne. Shi ke kamuwa, shi ke biya, shi ke warkewa. Matan da ke ɗakunan Darkest Dungeon ba su da suna balle shafin lissafi.

## Inda kowa ya tsaya

Masu cewa a cire abin gaba ɗaya ba duka ne masu wa'azi ba. Akwai iyaye da malaman addini da ke ganin nuna ɓarna tallata ta ne, akwai kuma 'yan wasan da ke cewa hutu suka zo yi bayan aikin mako, ba su zo a tuna musu da abin da suka baro a waje ba. Raunin matsayinsu shi ne wasannin na cike da kisa da bauta da azabtarwa, waɗanda ba a cika ɗaga murya a kansu haka ba.

Masu sharhi irin su Anita Sarkeesian, wadda ta yi bidiyo a kan batun a 2014, ba wanzuwar gidan ce ta dame su ba, mayar da mata kayan ado ne. Misalin da ake yawan kawowa shi ne Grand Theft Auto III na 2001, inda mai wasa ke iya biyan mace ya ƙara lafiya, sannan ya kashe ta ya karɓe kuɗinsa. Masu kare haƙƙin mata masu zaman kansu sun yarda da rabin wannan, suka ƙara nasu: sun gaji da labarin da mace irinsu ba ta fitowa sai a matsayin gawa ko wadda jarumi zai ceta. Saɓanin nan hoton na duniyar gaske ne, inda Suwidin ta haramta biyan kuɗi don saduwa a 1999 ta ƙyale mai karɓar kuɗin, New Zealand kuma ta cire sana'ar daga jerin laifuka a 2003.

Mai karanta littattafan Hausa ya san ɗaya fuskar matsalar. A ƙagaggun labaranmu da finafinanmu sakamako ba ya ɓata: wadda ta shiga bariki za ta ƙare a tuba ko a gadon asibiti, da sunan faɗakarwa. Alhajin da ke ajiye mota a ƙofar gidan kuwa sau da yawa labari ya manta da shi. Wato kiran a sa sakamako bai kashe magana ba, sai an faɗi a kan wa zai sauka, kuma ko bayani ne na yadda gari ke tafiya ko bulala ce marubuci ya tanadar wa mutum ɗaya.

## Abin da ya shafi mai wasa da iyayensa

Hukumomin da ke sa wa wasanni alamar shekaru, ESRB a Amurka tun 1994 da PEGI a Turai tun 2003, abin da ido ke gani da kunne ke ji suka fi aunawa. The Witcher 3 da Baldur's Gate 3 suna ɗauke da alamar shekara 18 a Turai. Darkest Dungeon, mai ɗakunan mata da tunjere, alamar matasa ya samu a Amurka, domin ba a nuna abin da ke faruwa a ɗaki. Ostireliya ce ta ɗan taɓa batun lada da sakamako, inda ƙa'idarta ta hana a mayar da saduwa tukuici, har sai da aka gyara wani sashe na The Witcher 2 kafin a sayar da shi a can.

Kamfanonin kati kuwa ba su da ma'auni mai kyau ko mara kyau, gudun abin kunya suke yi. Shi ya sa tsintsiyar itch.io ta share kowa da ke ɗauke da alamar, da mai tallar batsa da mai ba da labarin wahalar da ke cikinta, kafin daga baya kasuwar ta maido da waɗanda ake bayarwa kyauta. Babban kamfani na da lauyoyi da ƙofar shiga banki. Mutum ɗaya da ke rubuta wasa a ɗakinsa, idan ya ga batun na iya toshe masa hanyar karɓar kuɗi, barin sa zai yi, kuma galibi irinsa ne ke da ƙarfin halin ba da labarin ta bakin matar.

Masu wasan teburi sun sama wa kansu mafita tun kafin wannan. A 2003 Ron Edwards ya kawo dabarar layi da labule: layi shi ne abin da ba zai shigo labari ba sam, labule kuma abin da za a ambata a sakaya a wuce. Akwai kati mai alamar X da John Stavropoulos ya ƙirƙiro, wanda duk wanda magana ta yi wa nauyi zai taɓa, a sauya zance ba tare da an tambaye shi dalili ba. A 2020 Dungeons & Dragons ya shigar da zaman share fage cikin littafinsa, inda ake yin wannan yarjejeniya kafin a fara jefa ɗan lido.

A wajenmu yawancin gem ba a kwali yake zuwa ba, turawa ake yi a kasuwa ko a gidan gem, daga na'ura zuwa na'ura, saboda haka alamar shekarun ba ta isowa gida. Uban da yake son sanin abin da ɗansa ke bugawa sai ya nemi sunan wasan a shafin PEGI ko ESRB, inda ake rubuta dalilin alamar dalla-dalla. Baldur's Gate 3 na da maɓallin rufe tsiraici a wurin saiti, amma maɓallin jiki kawai yake rufewa. Gidan Sharess na nan a buɗe a kan gadar shiga birni, da farashinsa.